Ararrabin Surukai

Masu tambayata ko tela ya gama ɗinkin, ya gama. Atamfa ce ruwan ganye mai zanen ƙwarya, tana rataye bayan ƙofar ɗakina cikin leda, Mama ta ce ko da ido kada in cika kallonta sai ranar Asabar. Amma yau ba zancen ɗinki na kawo muku ba. Wani abu na yi jiya Laraba wanda tun ina ƙarama aka koya min 'yar kirki ba ta yi. Na dubi uwata na ce mata alherinta ya yi yawa.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Damaris. Shekarata ashirin da takwas, ina gidan iyayena a Narayi, ina karatun digiri na biyu. Ƙanwata Debby ta yi aure bara, tun daga nan duk gwaggon da ta shigo gidanmu sai ta gaishe ni da "yaya karatu" da wata irin murya mai nufin "har yanzu?". To, Allah ya kawo Nelson. Ɗan Filato ne, haifaffen Unguwar Boro, aikinsa haɗa sola. Ranar da batiran ɗakin bincikenmu suka mutu aka kira shi, ya tarar da ni tsugune gaban akwatin ɗumin da muke renon ƙwayoyin gwaji ina share hawaye.

Ya ce, "Sannu, wa ya rasu?"

Na ce, "Ba su mutu ba tukuna. In ka daina tambaya ka yi aikinka za su rayu."

Suka rayu kuwa. Shi kuma tun ranar bai daina zuwa duba batiran da lafiyarsu ƙalau ba. Asabar ɗin nan mutanensa za su zo ƙwanƙwasa ƙofa, wato neman aurena. Babana, Baba Joseph, tsohon ma'aikacin masaƙa kuma dattijo a coci, sharaɗi ɗaya ya kafa. Da aka kawo shawarar a yi taron a zauren coci saboda falonmu ƙarami ne, cewa ya yi, "Ƙofar gidana za a ƙwanƙwasa, ba ta wani ba. Kuma uban yaro ya zo da ƙafarsa." Wanda ya san Baba ya san magana ta ƙare.

Yanzu bari in gaya muku su wa nake wa kuka a gaban akwati, don in ba ku san su ba ba za ku gane abin da ya faru ba. A jikin kowannenmu akwai wasu ƙwayoyi na garkuwar jiki, a lab, wato ɗakin bincikenmu, muna ce musu makrofaj, ni kuwa 'yan sintiri nake kiransu. Yawo suke a cikin nama, su haɗiye duk ƙwayar cutar da suka tarar. A cikin kowane ɗan sintiri akwai wani furotin da aka ɗaure, shi ne ɗan aike. Da zarar ɓurɓushin ƙwayar cuta ya taɓa bangon ɗan sintirin, sai a kwance ɗan aiken, ya ruga cibiya inda kundin umarni yake, ya buɗe shafin da ke cewa a yi kururuwa. Sai ɗan sintirin ya fara fitar da wasu sinadarai masu kiran 'yan uwa su kawo ɗauki. Wannan kururuwar ita ce kumburi da zafi da jan da kuke gani a bakin ciwo. In ta yi yawa babu dalili, gwiwa ta hana mutum barci. In kuma babu ita sam, ɓarawo ya shigo ya kwana ba wanda ya sani.

Aikina shi ne in ga abin da ruwan ɓawon ararrabi yake yi wa wannan kururuwar. Kuma ba a littafi na samo ararrabi ba, a kicin ɗinmu na tashi na gan shi. Mama, Asabe sunanta, daga ƙauyenmu ake aiko mata da ɓawon ta motar Sabon Tasha, ta shanya a inuwa, ta dafa wa masu ciwon gwiwa. Rabin Zumuntar Mata na cocinmu da shi suke hawa matakala. Ba ta karɓar komai, sai dai "Allah ya yi albarka". Ranar da na ce a kansa zan yi bincike, har rawa ta taka a tsakar gida da muciya a hannu.

To, ranar Litinin da rana ina cikin lab sai wayata ta yi ƙara. Nelson ne ya turo hoto. Babansa ne, Baba Stephen, zaune a kujerarsa ta roba ƙarƙashin gwaba, ƙafarsa ta hagu naɗe da bandeji a kan ɗan benci, yana ɗaga kofi yana murmushi. A ƙasa Nelson ya rubuta: "Dakta, Baba ya ce a gode wa Mama. Galan na uku ke nan, gwiwa ta yi shiru."

Na fara murmushi, sai murmushin ya tsaya. Na buɗe hoton da yatsu biyu. Ararrabin da na sani ruwan shayi ne marar madara, kana hango gindin kofi. Wannan kuwa baƙi ne wuluk. Sannan ga bandejin. Baba Stephen yana da ciwon suga, kuma akwai wani gyambo a ƙasan babban yatsansa da ake wanke masa a asibiti.

Na rubuta: "Galan na uku? Tun yaushe?"

"Sati uku. Duk Lahadi bayan sujada Mama take ba ni. Na ɗauka kin sani."

"Ka ce masa ya dakata da sha har in duba wani abu."

Ya ɗan jima yana rubutu yana gogewa. Can ya turo: "Damaris, ni zan ce wa Baba ya ajiye abin da ya fito daga hannun Mamanki, saura kwana biyar? Kin san abin da zai ce. Wadda ta ba shi ce kaɗai za ta iya karɓa."

Gaskiyarsa ce, shi ya sa na ji haushinsa.

Da yamma na samu Mama a kicin tana tankaɗen acca na gwaten ranar Asabar. Na zauna a kan turmi kamar mai taya hira.

"Mama, maganin Baban Nelson, yaya kike dafa shi?"

Fuskarta ta washe. "Au, ya faɗa miki? So na yi sai ya miƙe ki gani da idonki. Ai wannan dahuwar surukai ce. Na mutane dunƙule ɗaya nake sawa a tukunya, tafasa ɗaya in sauke. Nasa kuwa dunƙule huɗu, in bar shi a wuta tun safe har ruwan ya koma kwata."

"Me ya sa huɗu?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa ake sa gishiri a miya. "Ke, in suruki ya zo gidanki nama nawa kike sa masa? Tsoka ɗaya kamar na yara? So kike a ce 'yar gidan marowata ce ɗansu ya ɗauko?"

Wallahi a lokacin ji na yi kamar in rungume ta in fashe da kuka. Matar nan ba ta da gwal, ba ta da mota. Abin da ta fi iyawa a duniya shi ta ninka huɗu ta aika saboda ni. Na ɗebi na mutane a ƙaramar kwalba, na kankare sauran na surukai daga gindin tukunya a wata, na ɓoye a jaka kamar ɓarauniya.

Talata da safe na tace su. Muna da wani faranti na roba mai ƙananan ramuka casa'in da shida, a kowane rami 'yan sintirina suna zaune. Layi na farko ban sa musu magani ba. Na biyu na ɗiga na mutane, na uku na surukai, ma'auni ɗaya. Sannan duka na zuba musu ɓurɓushin ƙwayar cuta don in tsokane su, na mayar da su akwatin ɗumi. Akwai wani gwaji da ke juya kururuwarsu ta zama launi, iya yawan sinadarin da suka fitar iya yadda ramin zai yi rawaya.

Jiya da safe na duba. Layin farko rawaya shar, sun yi ihu yadda ya kamata. Na biyu rawayar ta ragu kamar da rabi, wato sun sassauta murya amma suna nan a farke. Wannan shi ne abin da nake fata in rubuta a kundina tun bara. Layi na uku kuwa fari fat. Na sa su a na'urar hange, na ga da yawa sun dunƙule, wasu sun saki gindin faranti suna yawo a ruwa.

Malam Tanko, mai kula da na'urorin lab ɗinmu, dattijo ne da ya ga ɗalibai iri-iri suna kuka. Ya leƙa, ya gyara tabarau.

"Wannan ba lallashi ba ne, Damaris, toshe baki ne. Me kika zuba musu?"

Na ba shi labari. Ya ce, "Kin dai san faranti ba mutum ba ne. Abin da aka sha sai ya bi ciki da hanta kafin ya kai ƙafa, wataƙila kaɗan ne ke isa. Suga ma shi kaɗai ya isa ya hana ciwo warkewa. Ba za ki iya rantsuwa cewa maganin ne ba."

"Na sani, Malam."

"Amma da ƙafar ubana ce, ba zan jira a gama bincike ba."

Ga inda tsorona yake. A wajenmu, ka ce abin da wance ta ba wane ya sha ya cuce shi, ba ƙaramar magana ba ce. Kafin ta kai bakin titi ta zama "an ba shi wani abu". Sunan Mama, aurena, zumuncin gida biyu, duka a bakin galan ɗaya. In kuma na yi shiru har Asabar ta wuce, kofi biyu kullum, ga gyambo a ƙafar mai suga. Na san in na je gida na yi mata bayani da baki, cewa za ta yi boko ya hau min kai. Sai na tari keke napep na nufi coci.

Na same su suna gwajin waƙa, Mama a layin gaba da zanen Zumunta da farin ɗankwali, tana kaɗa shantu. Na ja ta gefe na ce tana da baƙi a makarantarmu.

"Su wa?"

"'Yan sintirin da kike ciyarwa shekara biyu ba ki taɓa ganinsu ba."

Ku zo ku ga Mama a lab. Malam Tanko ya ba ta farar riga ta ɗora a kan zanen Zumunta, ta sa safar hannu tana ta kallon yatsunta. Ta gaishe da kowa har da firiza. Na zaunar da ita gaban na'ura, na nuna mata yadda za ta sa ido. Da farko ta ce duhu kawai take gani, can sai ta ƙara manna ido.

"Ikon Allah. Waɗannan duk a jikina suke?"

"Irinsu, Mama. Waɗannan su ne suka sha naki na mutane."

"Ga su nan ɓul-ɓul, sun baje hannuwa." Ta yi dariya. "Ka ga 'ya'yan albarka."

Na ba ta labarin ɗan aike da kururuwa kamar yadda na ba ku. Na ce maganinta, bisa ga abin da nake gani, riƙe igiyar ɗan aiken yake yi don kada ya riƙa rugawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, shi ya sa gwiwa take lafawa. Tana ta gyaɗa kai, ita ga uwar masana. Sai na matsar da farantin zuwa layi na uku.

Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Su waɗannan me ya same su?"

"Dahuwar surukai suka sha."

Ta ɗora hannu a kan tebur. Na durƙusa a gefenta na riƙe shi. Na ce, "Mama, maganinki yana da kyau, ga shaida kin gani. Yawa ya yi. Kuma Baban Nelson ciwo ne a buɗe a ƙafarsa, yanzu ne yake bukatar masu ihu. Ban ce maganin ya taɓa ƙafar ba, ban sani ba. Tsoro nake ji."

Na jira faɗa. Na jira "ni za ki koya wa ararrabi?". Sai ta cire safar a hankali, ta ninke ta kamar za a sake amfani da ita.

"Kakarki takan ce dunƙule ɗaya, ban taɓa tambayarta dalili ba. Na ɗauka tsimi ne irin na mutanen da." Ta goge ido da bakin ɗankwali. "Tashi ki samo mana keke."

"Mu aika Nelson ya..."

"Da hannuna na bayar."

Kun san nauyin abin da ta ɗauka? Mace ta je gidan da za su zo neman 'yarta, tun ba su zo ba, ta ce a ba ta kyautarta. Duk hanyar Unguwar Boro leɓenta na motsi da addu'a. Na tura wa Nelson saƙo: "Muna hanya. Ka bar aikin ka zo gida." Ya amso da kalma ɗaya: "To."

Baba Stephen yana ƙarƙashin gwabarsa, galan a gefen kujera, saura kamar rabi. Da ya gan mu ya fara kiciniyar tashi.

"Maman Damaris da kanki? Nelson, kawo kujera mai kyau."

Mama ba ta zauna ba. Zubewa ta yi a ƙasa da zanen Zumuntarta, gwiwa biyu.

"Baban Nelson, na zo karɓar galan ɗina. Na yi kuskure a dahuwa. Garin in girmama ka na cika hannu, yarinyar nan ta nuna min da idona. Ka yafe ni."

Tsohon ya dube ta, ya dube ni. Na yi masa bayani a gajarce. Na ƙara da cewa a gaya wa masu wanke masa ciwon abin da yake sha, su duba da kyau. Sai na ga ya sunkuyar da kai yana murza gemu.

Nelson ya ce, "Baba, yaushe ma za ka koma wankin?"

Tsohon ya ci gaba da murza gemunsa.

"Baba?"

"Ban koma ba tun da aka fara kawo maganin." Ya faɗa a hankali. "Ina shan na hannunta kuma a gan ni a layin asibiti? Sai a ce ban yarda da ita ba. Da kaina nake canza bandejin in kun fita. Ai ba ya ma zafi."

Wannan "ba ya zafi" ita ta fi komai tayar min da hankali, don ƙafar mai suga takan daina jin ciwo. Ku duba min mutanen nan biyu. Ita ta ninka magani don kada a ce ta yi rowa, shi ya bar asibiti don kada a ce ya raina. Kara ce ta kusa cinye ƙafa, kuma duk saboda ni da Nelson. Nelson ya juya baya yana kallon katanga, na ga kafaɗarsa tana motsi.

Mama ta miƙe, ta ɗauki galan ta tuttule shi a gindin gwaba har ɗigon ƙarshe. Sannan ta gyara ɗaurin zani.

"To, ni na sa ka bar asibiti, ni zan mayar da kai. Wanda zai yi magana ya gan mu tare."

Baba Stephen ya yi 'yar dariya, idonsa ya kawo ruwa. "Kin zubar, kuma ba a mayar wa mutum kwanonsa wayam. Ba ni da abin sawa a ciki." Ya nuna Nelson da sandarsa. "Sai dai wancan. Ki haɗa da shi ki tafi."

"Na karɓa," in ji Mama. "Ya fara da ɗaukar ka zuwa mota."

A asibiti, da nas ta kwance bandejin, ni na kasa kallo, Mama ce ta tsaya riƙe da kafaɗarsa. Likitar ta saurari bayanina har ƙarshe, ta rubuta sunan ararrabi a kati, ba ta zargi kowa ba. Ta ce ciwon ya yi zurfi kuma ya kama ruwa, za a kwantar da shi a fara allurai, sai ta ga hoton ƙashi kafin ta ce komai game da yatsan. Nelson ya tambaya ko zai iya fita ranar Asabar, ko na awa biyu ne. Ta ce ƙafar nan ba za ta taka ƙasa ba cikin satin nan.

Da aka kai shi ɗaki, nas ta zo cike takarda ta tambayi Mama, "Ke wace ce tasa?"

Mama ba ta ko yi jim ba. "Surukina ne."

Ba a ƙwanƙwasa ƙofa ba, ba a sha ruwa ba, ba a ce an ba su ba. Ni dai na sunkuyar da kai ina wasa da igiyar jakata, Nelson yana taka min ƙafa a hankali.

Rana ta yi sanyi lokacin da Baba Stephen ya yafito ni. An sa masa ƙarin ruwa a hannu, muryarsa ta yi ƙasa.

"'Yata, na ji sharaɗin babanki, kuma bai yi laifi ba, ni ma haka zan ce. Kawunnan Nelson sun riga sun kama hanya daga gida. Ki tambaye shi, tun da ƙafata ta ƙi zuwa ƙofarsa, ko zai yarda ƙofar ɗakin nan ta zama tasa? Ya zo ya zauna a cikin ɗakin nan, a rufe, a turo ni a keken marasa lafiya daga waje in ƙwanƙwasa."

Na dubi ƙofar. Fara ce, fentinta ya ɗan ɓare, an rubuta lamba huɗu a sama. Shekara ashirin da takwas ban taɓa ganin Baba Joseph ya janye maganar da ya faɗa ba. Bai ma san mun bar Narayi ba, bai san komai game da galan ba.

Sai wayata ta fara ruri a tafin hannuna. Sunansa ne a kai. Na miƙa wa Mama, ta girgiza kai, ta mayar min da hannuna.

"Ke kika iya faɗa wa manya gaskiya," ta ce. "Ɗauka."

Na share hannuna a siket, na danna, na ce, "Baba, kana zaune?"